Babi na Shida: Horo da Ƙarin Ilimi ga Shugabannin Matasan Ikilisiya a Ƙasar Rogo da Ƙaraye

Shugabancin matasa a ikilisiyar karkara aikin sa kai ne. A ƙauyukan Hausawa Kirista da ke warwatse a ƙasar Rogo da Ƙaraye, daga kewayen Zoza har zuwa Bari da iyakar jihohin Katsina da Kaduna, wanda ke riƙe da Zumuntar Matasa galibi manomi ne, ko tela, ko malamin firamare, ko ɗan acaɓa. 'Yan uwansa matasa ne ke zaɓensa, dattawan ikilisiya su amince, fasto ya yi masa addu'a a gaban jama'a ran Lahadi, sannan a miƙa masa littafin sunaye da ɗan abin da ya rage a asusu. Wa'adinsa shekara biyu ne ko uku, gwargwadon tsarin ɗarikarsa. Ba shi da albashi, kuma da wuya a sami wanda aka zaunar aka koya masa aikin kafin ya karɓa.

Aikin kuwa yana da nauyi. Shi ne zai ja nazarin Littafi Mai Tsarki na mako, ya shirya sujadar ranar matasa, ya haɗa gayya a gonar ikilisiya, ya tara kuɗin mota idan za a je taron gunduma, ya kuma tsaya gaban dattawa idan wani yaro ya yi abin kunya. Saurayin da ya fara shaye-shaye, da budurwar da iyayenta ke shirin cire ta daga makaranta, da wanda ya faɗi jarrabawar JAMB ya ce ya haƙura da karatu, duk kafin maganarsu ta kai kunnen fasto ta riga ta biya ta wurinsa. Sau da yawa bai girme su da abin da ya wuce shekara biyar ba.

Ikilisiyar Hausawa a wannan yanki ba ta daɗe sosai ba, kuma tarihinta yana bayyana halin da shugaban matasa ke ciki a yau. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya tun 1905, aka mayar da tashar zuwa Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. A ƙasar Kano kuwa, sai a shekarun 1930 aka bar mishan ɗin SIM ta yi aiki sosai, musamman ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya, ta kuma buɗe tashoshi a wurare irin su Roni da Tofa da Kabo da Ƙaraye. Ikilisiyoyin da SIM ta kafa su ne suka haɗu suka zama ECWA a 1954. Amma shigar Maguzawa cikin addinin Kirista gida-gida ta fi ƙarfi ne a shekarun 1970, daidai lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu cikin karkara. Baya ga ECWA, Katolika da Baftis da Angilika duk sun yi aiki a yankin, har Angilika ta kafa dayosis mai mazauni a Bari.

Ke nan a gidaje da yawa kakannin matasan yau su ne masu bi na farko. Yawancinsu a ajin baftisma suka koyi haɗa baƙi, a hannun mai bishara wanda shi ma noma yake yi ya ci da kansa. Jikokinsu sun yi sakandare, wasu sun je kwalejin ilimi a Zariya ko Kano, kuma kusan kowa da waya a hannu. Shugaban matasa yana tsaye a tsakani. A gefe guda ga dattawa masu auna kowace koyarwa da abin da mai bisharar farko ya bar musu, a ɗaya gefen ga yara da ke sauraron masu wa'azi daga Legas da Jos da Amurka kafin wata Lahadin ta zagayo, wasu na koyarwar gaskiya, wasu na alkawarin arziki cikin dare ɗaya. Idan iliminsa ya tsaya inda ya tsaya ran da aka zaɓe shi, ba zai iya fahimtar da kowane ɓangare maganar ɗayan ba.

Koyo a gida

Makaranta mafi kusa ita ce ƙofar gidan fasto, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Tsarin koyon aiki a ƙarƙashin babba tsoho ne a ikilisiya. Manzo Bulus ya ɗauki Timoti a Listira yana saurayi, ya yi ta tafiya da shi, ya aike shi Tasalonika da Koranti, daga baya ya bar masa ikilisiyar Afisa yana bin sa da wasiƙa. Bahaushe ma haka ya saba koyon ƙira da jima da gini. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne fasto ya ware yamma ɗaya a mako ya zauna da shugaban matasa su duba darasin da zai koyar, ya riƙa tafiya da shi gaishe da marasa lafiya da ta'aziyya, ya bar shi ya zauna ya saurara idan ana sasanta wasu, matuƙar maganar ba ta sirri ba ce. Ya ba shi wa'azi a sujadar tsakiyar mako, bayan an tashi ya kira shi gefe ya nuna masa inda ya kyauta da inda ya bar nassi ya bi son ransa. Gyaran da aka yi a gaban jama'a kashe gwiwa yake yi.

Abin da ke hana wannan tafiya sananne ne. Fasto ɗaya kan riƙe ƙauyuka biyu ko uku, yana kuma da gonarsa. Canjin wurin aiki kan ɗauke shi ana tsakiyar sabawa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: wasu manya na ganin saurayin da ya yi ilimi zai raina su. Wannan tsoro yana cutar da ikilisiya ƙwarai, domin saurayin da aka ƙi koya wa a gida zai je ya koya a wani wuri inda babu mai yi masa gyara.

Bayan fasto sai littafi. Mai karatu da Hausa yana da gata a yau wanda kakanninsa ba su samu ba. Akwai juyin 1932 mai tsohuwar Hausa, wanda tsofaffi da yawa suka haddace ayoyinsa. Akwai na 1979 wanda aka fi karantawa a majami'u. Akwai kuma sababbi, irin su Sabon Rai Don Kowa da Juyi Mai Fitar da Ma'ana, waɗanda ake iya saukewa a waya. Shugaban da ya saba duba aya ɗaya a juyi biyu ko uku kafin ya koyar zai ga wurare da dama da ma'ana ta fito ba tare da ya nemi sharhi ba. Shi ma sharhin yana samuwa. A 2006 malaman tauhidi saba'in na Afirka, ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo ɗan Nijeriya, sun fitar da sharhin dukan Littafi Mai Tsarki a kundi ɗaya, an kuma juya shi zuwa Hausa. Ya fi ƙarfin aljihun saurayi ɗaya, amma bai fi ƙarfin zumunta ba idan ta sayar da buhu ɗaya daga amfanin gonarta. Kantunan littattafan Kirista irin su Challenge da ACTS su ne inda ake neman irinsa.

Akwai wata matsala ta harshe da ya kamata a dube ta da idon basira. Matasa da yawa da suka bi ta makarantun gwamnati ba su ƙware da Turanci har su fahimci littafin tauhidi ba, ba a kuma koya musu karanta Hausa da kyau ba, sai ka ji ana sassarfa ana tuntuɓe wajen karanta nassi da harshen da aka haife su a ciki. Don haka darasi na farko ga sabon shugaba shi ne karatun Hausa da murya, a tsanake, yana tsayawa inda ya kamata, har tsohuwar da ke zaune a layin baya ta gane abin da aka karanta. Wanda ya iya wannan ya riga ya yi rabin koyarwa.

Ƙungiyoyi da makarantu

Mafi yawan abin da shugabannin matasa suka sani na tafiyar da jama'a a ƙungiyoyin ikilisiya suka tsinta. Birged ta yara maza, wadda William Alexander Smith ya kafa a Gilasgo a 1883, ta iso Nijeriya a 1908. Ita da takwararta ta 'yan mata suna koyar da kiyaye lokaci da biyayya da haddar ayoyi da taimakon farko, ba fareti kaɗai ba. Abin da ya fi dacewa a kwaikwaya daga gare su shi ne horonsu hawa-hawa ne, hafsoshinsu kuma kwas suke halarta. Ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa, wadda aka fara a 1963, ta koya wa talakan mai bi yin addu'a cikin ƙananan ƙungiyoyi da ba da shaida da bakinsa, kuma har yau 'yan Sabon Rai da gangunansu suna cikin masu raya majami'un karkara. FCS, zumuntar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957, da NIFES ta manyan makarantu wadda ta biyo baya a 1968, su suka koya wa ɗalibai da yawa nazarin Littafi ta hanyar tambaya da amsa maimakon mutum ɗaya ya yi ta magana. Katolika na da CYON, Angilika na da AYF, Baftis na da ƙungiyoyinta na samari da 'yan mata. Sai dai abin da ya yi aiki a makarantar kwana ba lallai ya zauna daram a ƙauye ba. Wanda ya dawo daga kwaleji ya ce a yi taron dare har asuba a tsakiyar noman farko zai tarar da bencina babu kowa.

Makarantun tauhidi suna nan ga mai niyya. Mafi kusa ga 'yan ECWA ita ce ta Tofa, sai Kagoro, sai JETS ta Jos da aka buɗe a 1980. Angilika na da kwalejin St. Francis a Wusasa, Baftis na da tata a Kawo cikin Kaduna, ga kuma TCNN a Bukuru wadda ta fara karatu a 1959. Amma waɗannan makarantu fastoci da masu bishara suke yayewa. Wanda ya tafi can, idan ya gama, wata ikilisiya za a tura shi, ƙauyensu kuma ya koma neman wani. Hakan alheri ne ga ɗarika baki ɗaya, sai dai bai magance bukatar zumuntar da ya baro ba.

Tsarin da ya fi dacewa da manomi shi ne karatun tauhidi daga gida, wanda aka fi sani da TEE. An fara shi ne a ƙasar Guwatemala a 1963, lokacin da wata makarantar tauhidi ta lura cewa ainihin masu riƙe da ikilisiyoyin karkara magidanta ne da ba za su iya barin gona da iyali su zo birni shekara uku ba. Sai ta kai musu makarantar. Ɗalibi na karanta darasi a gida kullum, a haɗu da malami sau ɗaya a mako ko mako biyu a tattauna, yana kuma gwada abin da ya koya a cikin aikin da yake yi. Ikilisiyoyi da dama a arewacin Nijeriya sun ɗauki tsarin, har da littattafai na Hausa. Ƙauyuka huɗu ko biyar da ke cin kasuwa ɗaya suna iya haɗa aji guda a majami'ar da ke tsakiya, fasto ɗaya ya jagoranta.

Tarihin Byang Kato ya nuna inda irin wannan naci ke kai mutum. An haife shi a ƙasar Kwoi a 1936, ya taso cikin makarantar Lahadi da Birged, ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Igbaja. Yana koyarwa yana karatun jarrabawar GCE ta hanyar wasiƙa, har ya sami shiga kwaleji a Landan. Ya zama babban sakataren ECWA a 1967, sannan babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka a 1973, ya rasu a Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Matakin da ya buɗe masa sauran shi ne karatun da ya yi a ɗakinsa bayan an tashi daga aiki.

Ilimin da ba a samu a ajin tauhidi

Yawancin matsalolin da ake kawo wa shugaban matasa ba na bambancin koyarwa ba ne. Shaye-shaye na kan gaba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma a wannan shekara ce gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin. A karkara abin yakan shigo ta ƙofar aiki: saurayi ya sha tiramadol don ya jure noman ƙodago ko saran rake, kafin ya farga ya kasa tashi sai da ita. Shugaba yana bukatar sanin alamomin farko, ya san cewa wanda abin ya kama jikinsa yana bukatar asibiti tare da addu'a, ya kuma san cewa dakatar da yaro daga zumunta ba tare da an bi shi ba mayar da shi ne hannun masu sayar masa. Jami'in lafiya na asibitin yanki ko ma'aikacin NDLEA zai iya koyar da wannan a zama ɗaya idan an gayyace shi.

Haka maganar aure. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na jini don kauce wa cutar sikila. Shugaban da ya fahimci yadda sikila ke bin jini zai ja hankalin saurayi da budurwa su yi gwaji tun kafin iyaye su shiga magana, lokacin da rabuwa ba ta zama abin kunya ba tukuna. Akwai kuma kare yara. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Kano ta yi tata a 2023, kuma duk mai tara 'ya'yan mutane ya kwana da su a sansani ya kamata ya san ƙa'idojin da ba a sassautawa: masaukin 'yan mata dabam da mata manya a tare da su, kada babba namiji ya keɓe da yarinya da sunan shawara, kuma idan yaro ya kawo ƙarar cin zarafi a kai maganar inda ya dace, kada a binne ta don gudun ɓacin sunan ikilisiya.

Riƙon kuɗi darasi ne na yini ɗaya, amma rashinsa ya rusa zumunta da yawa. Littafin shiga da fita, sa hannun mutum biyu, da karanta rahoto a gaban kowa duk wata uku sun wadatar.

Zaman tare da maƙwabta ya fi waɗannan duka bukatar hikima. Kiristan Rogo da Ƙaraye tsiraru ne a cikin 'yan uwansu Musulmi, kuma kalmar 'yan uwa a nan ta jini ce: wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka ɗaya, kasuwa ɗaya, suna da biki da jana'iza tare. Shugaban matasa ya kamata ya koyi abin da dattawan kirki suka daɗe suna yi. A je a gaida mai unguwa ko dagaci a sanar da shi kafin a yi taro a fili. A kashe lasifika idan an kira salla. Ya san ainihin abin da maƙwabcinsa ya gaskata daga bakin masu shi, don kada ya koya wa yara jita-jita. Ya kuma horar da su a kan abin da suke rubutawa da turawa a Facebook da WhatsApp, domin kalma ɗaya ta rashin ladabi daga wayar yaro ɗaya tana iya ta da hankalin gari guda. Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, wadda ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari Kirista, tana da dattawan da suka yi shekaru suna wannan zama, kuma sun cancanci a kira su su koyar.

Lokaci, kuɗi da miƙa ragama

Duk shirin horon da bai yi la'akari da kalandar manomi ba zai mutu a takarda. Daga saukar ruwan sama a Mayu ko Yuni har a gama girbi, babu mai sarari. Hutun Agusta ya yi wa ɗalibai daidai, amma bai yi wa masu gona ba. Da rani kuma wasu na wajen rake da mazarƙwaila, wasu na noman rani a fadamu da bakin madatsar ruwan Challawa, wasu sun tafi cin rani Abuja ko kudu. Lokacin da ake samun kowa a gida shi ne makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, sai kuma Ista. Bita ta kwana biyu ko uku a waɗannan lokuta, a majami'ar da ake iya zuwa da babur, kowa ya zo da kwanon masararsa, ta fi amfani nesa ba kusa ba a kan babban taro a birni mai nisa, inda kuɗin mota ke cinye asusu, ana kuma jawabi da Turancin da rabin mahalarta ba su bi ba. Manyan taruka na da nasu amfani, domin saurayin da ya fito daga majami'ar mutum arba'in yana samun ƙarfin zuciya idan ya ga dubbai irinsa. Amma abin da ke zama a kai ana samunsa ne a ƙaramin aji mai maimaituwa.

Wanda ake turawa ma abin dubawa ne. An saba tura shugaba shi kaɗai, shi kuwa kusan kullum namiji ne, alhali 'yan mata sukan kai rabin zumunta ko fiye, kuma akwai maganganun da ba za su taɓa kai wa namiji ba. Zumuntar Mata ta nuna irin ƙwazon da matan ikilisiyar arewa ke da shi wajen tsari da tara kuɗi, don haka babu hujjar barin budurwa ba horo har sai ta yi aure. Daidai ne a riƙa tura mutum biyu, mace da namiji, a kuma ɗora musu sharaɗin koyar da abin da suka samo cikin wata guda da dawowarsu.

Babbar asarar da ake yi tana zuwa ne a ƙarshen wa'adi. Shugaba ya yi shekara uku yana koyo ta hanyar kuskure, daidai lokacin da ya fara gane aikin sai ya yi aure ya koma sahun magidanta, ko ya sami aiki a Kano, wanda ya gaje shi ya faro daga tushe. Yawancin abin da ke toshe wannan ɓaraka ba ya cin kuɗi. A yi zaɓe wata uku kafin ƙarewar wa'adi domin sabo ya bi tsohon yana gani. A ajiye littafi ɗaya na zumunta, mai ɗauke da darussan da aka koyar, da tsarin taruka, da lissafin kuɗi, da sunayen waɗanda aka gayyata suka amfanar, ya zauna a ofishin ikilisiya maimakon akwatin wani. Tsohon shugaba ya ci gaba da zama mai ba da shawara na shekara guda. Sannan majalisar dattawa ta sa horon shugabannin matasa a kasafin shekara da sunansa, kamar yadda take sa gyaran rufi da sayen bencina. Wannan mataki na ƙarshe ba ya hannun matasa. Dattawan ikilisiya da shugabannin gunduma ne ke da ikon ɗaukarsa, kuma taron kasafin ƙarshen shekara shi ne wurin da ya kamata a gabatar da shi.